Ɓargon Mukhtari

Yana tsakiyar ba ta dariya jinin ya fara zuba.

Hindatu na tsaye a bakin zauren gidansu, ta jingina da ƙyaure, la'asar ta yi sakaliya. Mukhtari na zaune kan babur ɗinsa, yana ba ta labarin wani jaki da ya kayar da dillali a kasuwar Lahadi. Ya buɗe baki zai ƙarasa labarin, sai ta ga haƙoransa sun rine ja. Kafin ta ce wani abu, jini ya ɓalle ta hancinsa, ya sauka kan farar rigarsa.

"Ɗan Alhaji... jini."

Ya shafa, ya duba hannunsa, ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Haɓo ne, Malama. Zahin rana."

Ta warware gefen mayafinta ta miƙa masa. Ya toshe hancin, ya ɗaga kai sama. Mayafin ya jiƙe, jinin bai tsaya ba. Da hannun rigarsa ya zame, ta ga wasu baƙaƙen tabbuna a damtsensa, kamar wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa. Ta tambaye shi wa ya dake shi. Ya rantse mata babu wanda ya taɓa shi, haka yake wayar gari ya gan su, kuma ya kwana biyu zazzaɓi ba ya barinsa.

"Shi ne ba ka hwaɗa mini ba?"

A daidai lokacin tsohuwar Fijon mahaifinta ta karyo kwana.

Alhaji Malami magatakardan kotu ne, haifaffen birnin Sakkwato, aiki ya kawo shi Illela. Ba ya dawowa da wuri, shi ya sa Mukhtari ke satar wannan lokacin ya zo. Ya fito daga mota, ya dubi ɗiyarsa, ya dubi saurayin da mayafinta a hancinsa.

"Ban hana ka tsayuwa ƙohwar gidana ba?"

Mukhtari ya sauko daga babur zai durƙusa ya gaishe shi. Gwiwarsa ba ta kai ƙasa ba ya tafi luu, ya kife a gaban takalman Alhaji.

Hindatu ta ƙwalla ƙara.

Alhaji Malami mutum ne mai tsauri, amma ba mugu ba ne. Ya kira maƙwabta suka cicciɓi yaron zuwa motarsa, ya ce da ita ta shige gida, ya ja mota sai ɗakin shan magani.

Shekara biyu ke nan da haɗuwarsu. Ita malamar firamare ce, ba ta daɗe da gama kwalejin horon malamai ba. Wata rana ruwan sama ya tsare ta da 'yan ajinta a wata rumfa, shi kuma ya dinga jigilar yaran da babur yana kai su gida, ita ce ta ƙarshe. Ta ƙi hawa. Ya kashe babur ya tura shi, suka taka tare har ƙofar gida. Abin da ta fara sani game da shi, tun kafin sunansa, warin fetur ne. Duk turaren da zai fesa, warin na nan ƙarƙashi.

Mahaifinsa, Alhaji Na'Allah, tsohon ɗan kasuwar kan iyaka ne. Fetur na da araha a Najeriya, yana da tsada a Ƙonni da ke tsallaken iyaka, kuma tun da aka rufe iyaka a 1984 harkar ta ƙara kyau ga mai ƙarfin zuciya. Mukhtari ne ke riƙe da ita. Tun bai fara gemu ba yake zuƙo mai da tiyo daga ganga zuwa jarka, in ya cika masa baki ya tofar, ya kurkure da ruwa, ya ci gaba. Da fetur yake wanke baƙin mai a hannunsa. Haka kowa ke yi, babu wanda ya taɓa ganin aibun abin.

Alhaji Malami kuwa cewa ya yi ba zai zauna kotu da safe ana hukunta 'yan fasa-ƙwauri, da yamma ya dawo ya tarar da ɗaya a matsayin suruki ba. Bai taɓa yi wa ɗiyarsa dole a kan wani ba, amma a kan wannan ya kafe.

Akwai wanda ke jin daɗin kafewar. Jibril, ɗan ƙanwar Alhaji Malami, shi ne malamin asibitin da ke kula da ɗakin shan magani na garin. Ya daɗe yana son Hindatu, ita kuma ta gaya masa tun farko cewa matsayin wa ta ɗauke shi. A hannunsa aka saka Mukhtari ranar. Ya cusa masa auduga, ya yi masa allura, aka mai da shi gida. Washegari ya zo gaishe da kawunsa, suka daɗe a zaure suna magana ƙasa-ƙasa.

Inna Hadijatu, mahaifiyar Hindatu, ita ta kawo mata labarin, tana magana tana kau da kai don nauyin abin. Jibril ya ce ya duba yaron sosai. Ciwon da ke jikinsa irin wanda ake kwasowa wurin matan banza ne a Ƙonni, ya riga ya ci jininsa, kuma duk macen da ya aura sai ta ɗauka.

"Ƙarya ne, Inna."

"Ke kika duba shi, ko Jibril?"

Da magariba mahaifinta ya kira ta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce daga yau babu ita babu ɗan gidan Na'Allah, ko a hanya suka haɗu ta sauya hanya. In ta saɓa, to ta nemi wani uban.

Abin da ya fi ci mata rai ba hanin ba ne. Shakka ce ta shige ta. Mukhtari na kwana a Ƙonni, wani lokaci har kwana da kwanaki. Me ta sani game da abin da yake yi a can? In ta tuna yadda yake sunkuyar da kai idan idonsu ya haɗu, sai ta ce ba zai yiwu ba. In ta tuna tabbunan nan, sai zuciyarta ta karye. Ta rame, ta daina cin abinci, a aji ma sai yara sun maimaita tambaya kafin ta ji.

Can gidan Na'Allah kuwa wata maganar ake yi daban. Hajiya Umma, mahaifiyar Mukhtari, ta haƙiƙance jifa aka yi wa ɗanta. A ƙofar gidan wa ya faɗi? Su wa suka ce ba su son shi? Aka kawo rubutu, aka kawo saiwoyi daga Gidan Katta, aka yi hayaƙi. Jiki sai ƙara lalacewa yake.

Wata ranar Talata, Hindatu na rubutu a allo, ƙawarta Baraka, wadda gidansu ke jikin na Na'Allah, ta leƙo ta taga tana haki. An kira wanzami ya yi wa Mukhtari ƙaho don a fitar da mataccen jini. Tun hantsi aka cire ƙahon, har yanzu tsagar ba ta daina zuba ba.

Allin ya suɓuce daga hannunta. Ba ta tuna uba ba, ba ta tuna Jibril ba. Ta fita ko jakarta ba ta ɗauka ba.

A tsakar gida Hajiya Umma ta tare ta.

"Kin zo ki gani ko aikin ya ci?"

"Hajiya, don Allah..."

"Ya ci. Koma ki shaida musu ya ci. Ɗana dai kuka so ku raba ni da shi."

Mata suka yi cirko-cirko. Hindatu ta durƙusa, hawaye na zuba, ta ce a tsine mata in ta taɓa nufin shi da sharri, ita dai a bar ta ta gan shi. Alhaji Na'Allah ne ya fito daga wani lungu ta bayan gida, hannuwansa duk jini. Ya dubi matarsa ya ce ta ba yarinya hanya.

Ɗakin da ya kai ta ba shi da taga. Tana sa ƙafa wari ya shaƙe ta, idanunta suka kama yaji, kanta ya sara. Ganguna ne jere har bango, jarkoki a kansu, ƙasa ta yi baƙi da mai. A tsakaninsu aka shimfiɗa katifa. Nan Mukhtari ke kwana tun yana yaro, don gadi.

Yana kwance rub da ciki, an tara tsummoki a bayansa, duk sun jiƙe. Leɓɓansa sun yi fari fat. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Hindu... mi ya kawo ki? Babanki zai yi hushi."

"Yi shiru, sanyin idona. Yi shiru."

Ta juya ta kama ƙafar Alhaji Na'Allah. Ta ce ba ta san mene ne wannan ciwo ba, amma ta san ya fi ƙarfin wanzami, ya fi ƙarfin ɗakin shan magani. Don girman Allah a kai shi Sakkwato yau, kada a kai gobe. Hajiya Umma daga ƙofa tana cewa asibiti ba ya maganin sammu. Tsohon ya daɗe yana kallon bayan ɗansa. Daga nan ya ce a kira direba.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Mahaifinta bai dake ta ba, bai zage ta ba. Daina yi mata magana ya yi. In ta gaishe shi sai ya wuce. In ta kai masa abinci sai ya ce Inna ta sake zubo wani. Gara mata duka sau goma da wannan shirun.

Da aka yi hutun makaranta ta roƙi Inna ta bar ta ta je birni wurin gwaggonta. Inna ta san abin da ke ranta, ta dai ce Allah ya kiyaye hanya.

Ta same shi a ɗakin maza na babban asibiti, ana ƙara masa jini. Ta ɗauka zai yi murna. Yana ganinta ya juya fuska bango.

"Koma gida, Hindatu."

Bai taɓa kiran cikakken sunanta ba.

"Mi na yi maka?"

"Ba ki yi komi ba. Ni ne na gaji. Ki auri Jibril, shi ne daidai da ke."

"Dube ni ka hwaɗi haka."

Bai juyo ba.

"Abin da Yaya Jibril ya ce... gaskiya ne ke nan?"

Ta ga kafaɗarsa ta motsa, ta ga ya damƙe zanin gado. Sannan ya ce ta ɗauki duk abin da ta ga dama, ita dai ta tafi.

Ta fita tana tangaɗi kamar wadda aka mara. Ta kwana tana kuka a ɗakin gwaggonta, ta rantse ba za ta koma ba. Da gari ya waye ta dama kunun gyaɗa ta zuba a kwano, ta koma. Bai yarda ta shiga ba, sai ta ba Alhaji Na'Allah kwanon, ta zauna kan benci a baranda. Haka ta dinga yi kullum. Ko ciwon kunya ne, ko ba shi ba ne, ta kasa barin bencin nan. Hajiya Umma na wuce ta ba ko kallo.

Jibril ne ya kai wa kawunsa labarin inda take wuni. Ranar wata Alhamis, da hantsi, ta ɗaga kai ta ga mahaifinta na tahowa a barandar, Jibril na biye da shi. Ta miƙe.

"Shige mota," shi ne abin da ya fara ce mata tun ranar da ya daina yi mata magana.

"Baba..."

"Kin zubar mini da mutunci Illela, kin biyo shi birni ki ƙarasa?"

Da jin hayaniya, Alhaji Na'Allah ya fito daga ɗakin. Dattawan biyu suka tsaya suna kallon juna. Alhaji Malami ya ce shi ba ya da faɗa da kowa, amma ba zai bar ɗiyarsa ta zauna gadin mai irin wannan ciwo ba. Alhaji Na'Allah ya tambaye shi wane irin ciwo. Da ya ji amsar, sai ya yi wata dariya mai ciwo, idanunsa suka kawo ruwa.

Likitan da ke duba Mukhtari na fitowa daga zagaye a lokacin, wani dogo mai furfura a gefen kai. Alhaji Na'Allah ya tare shi.

"Likita, don Allah hwaɗa ma bawan Allah wanga abin da ka hwaɗa muna. Ni na ba ka izini, yaron ma zai ba ka."

Likita ya leƙa ya yi magana da Mukhtari, sannan ya shigar da su ofishinsa. Hindatu ta raɓe a bakin ƙofa, babu wanda ya kore ta.

Ya ce sun soka allura a ƙashin ƙugun yaron sun zuƙo ɓargo sun duba. Ɓargon da ke cikin ƙashi, in ji shi, shi ne gonar jini. Can ake haifar jajayen ƙwayoyin da ke ba mutum ƙarfi, da fararen da ke yaƙi da cuta, da wasu ƙanana da ke sa jini ya daskare in an ji rauni. A cikin fetur akwai wani sinadari da ake kira benzin. Yana shiga jiki ta numfashi, yana shiga ta fata, balle wanda ke zuƙar mai da baki. In ya shiga, hanta takan sarrafa shi ya koma wata guba da ke tafiya ta zauna a ɓargo, ta dinga lalata ƙwayoyin da ke haifar sauran. Shekara da shekaru mutum bai san ana yi ba. Wata rana sai ɗaya daga cikin lalatattun ta kama hayayyafa ba tsayawa, 'ya'yanta ba su nuna, ba su da amfani, sai dai su cika ɓargon su danne masu kyau, kamar yadda ƙuduji ke cinye gonar gero.

"Shi ya sa ya yi fari, shi ya sa zazzaɓi ba ya barinsa, shi ya sa jininsa ba ya tsayawa. Sankarar jini ce."

Alhaji Malami ya tambaya ko ana ɗauka. Likita ya ce ko kwano ɗaya kuke ci, ko shimfiɗa ɗaya kuke kwana, ba a ɗauka. Ba ta da wata alaƙa da mata, ba kuma sammu ba ce. Ya ƙara da cewa ba duk mai harkar fetur ke kamuwa ba, kuma akan samu wanda bai taɓa kusantar mai ba ya kamu, don haka ba zai rantse ba. Amma wanda ya tashi yana kwana cikin tururin mai a ɗaki rufe, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane nesa ba kusa ba, kuma shi a ganinsa daga nan abin ya fito.

Alhaji Na'Allah ya sunkuyar da kai.

"Ni na shimhiɗa mishi katihwar nan da hannuna," ya ce a hankali.

"Zai warke?" Muryar Hindatu ce daga bakin ƙofa.

Likita ya dube ta, ya gane ko wace ce. Ya ce akwai magani a Zariya mai ƙarfi ƙwarai, yana iya kwantar da ciwon. Amma ba zai ɓoye mata ba, irin wannan yakan dawo, kuma kaɗan ne ke tsira. Mukhtari ya san haka tun satin da aka kawo shi.

Sai a lokacin ta gane dalilin da ya sa ya juya mata baya. Ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa.

Alhaji Malami ya juya ga ɗan ƙanwarsa.

"Jibril, ka ce ka duba shi sosai. Mi ka gani?"

Jibril ya fara kame-kame, wai alamomin sun yi kama, wai shi ma zato ya yi.

"Zato ka kawo mini a matsayin shaida? Ni da nike zaune kotu?"

Ya ce ya nemi motar haya ya koma, ba zai shiga tasa ba.

Likita ya ce abin da ya fito nema tun farko masu ba da jini ne. Dangin yaron da suka yarda duk an ɗiba, saura na tsoro, wai in an ɗebi jinin mutum ba ya komawa. Alhaji Malami ya miƙe. Ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa ɗiyarsa, ya naɗe hannun 'yar ciki.

"A gwada nawa."

Jininsa ya dace. Hajiya Umma na tsaye a baranda lokacin da aka wuce da kwalbar zuwa gadon ɗanta, aka gaya mata na wane ne. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da yamma Hindatu ta shiga ɗakin, babu wanda ya hana ta. Ta zauna a bakin gado. Mukhtari bai juya bango ba wannan karon, hawaye ne ke bin gefen idonsa zuwa kunne.

"Ka gwammace in ɗauke ka mazinaci da in san gaskiya?"

"In kin tsane ni za ki manta da ni da wuri. In kin san gaskiya, zama za ki yi."

"To ga shi na sani."

"Hindu, mutuwa zan yi."

"Ni ma haka. Ko an ba ka takardar cewa zan riga ka ko za ka riga ni?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta riƙe masa kofi ya sha ruwa. Ya ce ba ya son ta zama bazawara tana da ƙuruciyarta. Ta ce wannan ita ya shafa, ba shi ba, kuma in ya sake kiranta Hindatu ba za ta ƙara dama masa kunu ba.

Aka kai shi Zariya. Watannin da suka biyo baya ba ta gan shi ba, sai labari daga bakin Alhaji Na'Allah in ya zo gida. Maganin ya zubar masa da gashi, bakinsa ya yi gyambo, ya yi amai har ya daina gane mutane. Sau biyu ana cewa ba zai kai safe ba. A Illela kuwa Alhaji Na'Allah ya sa aka kwashe gangunan nan kaf, aka fasa bangon ɗakin aka bar shi a buɗe. Ya bar harkar mai ya koma sayar da albasa da wake. Abokan kasuwancinsa suka ce tsoro ya kama shi, wasu suka ce likitoci sun ruɗe shi, ai kakanninsu ma da kananzir suka tsufa. Ya bi su rumfa-rumfa yana roƙonsu su fitar da 'ya'yansu daga ɗakunan mai, su daina barinsu zuƙa da baki. Kaɗan suka ji. Da yawa suka ce kwana ne in ya ƙare ya ƙare.

Bayan an buɗe iyaka a 1986, Mukhtari ya dawo da ƙafarsa. Ya rame, kansa ƙwal, amma leɓɓansa sun yi ja, yana dariya. Likitoci sun ce ciwon ya kwanta.

Alhaji Malami ya kira ɗiyarsa zaure. Ya ce Na'Allah ya aiko neman aurenta. Ya ce ita ma ta ji abin da likita ya faɗa da kunnenta, kwantawa ba warkewa ba ce.

"Ba ni hana ki, ba ni kuma tura ki. Amma ki hwaɗa mini kin san abin da kike shiga."

"Na sani, Baba."

"In wata shida ne fa?"

"Ko wata guda ne, ina so in yi shi a ɗakinsa. Kada in ji labari daga bakin maƙwabta."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce Allah ya yi mata albarka. Rabon da ta ji wannan kalma daga bakinsa har ta manta.

Aka ɗaura aure ba tare da wani taro mai yawa ba. Jibril bai zo ba, ya riga ya nemi canjin wurin aiki. Suka tare a wani ɗan gida na Alhaji Na'Allah a Kalmalo, kusa da tafki, inda iska ke kaɗawa ta kowane ɓangare. Mukhtari ya kama lambu, ya shuka albasa da tattasai, ko da yake rabin aikin zama yake yi yana ba ma'aikata labari. Da yamma yakan jira ta a bakin hanya in ta taso daga makaranta, ya karɓi jakarta. Ta koya masa karatun boko da ya bari tun aji uku, ya dinga karanta mata allunan motoci da ƙarfi yana kuskure da gangan. Kowace safiya, kafin ta fita, takan ce ya buɗe baki ta duba dasashinsa. Shi kuma yakan ce ko likitan Zariya bai kai ta tsanani ba.

Sun ga kaka, sun ga rani. Ta fara yarda a ranta cewa wataƙila suna cikin kaɗan ɗin nan da likita ya ce.

Farkon damina, wata safiya, ta ce ya buɗe baki. Ya ƙi. Ya ce ta makara, ta tafi. Ta ajiye jaka ta tsaya a gabansa har ya buɗe. Haƙoransa sun sake rinewa ja.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta shiga bayan ɗaki ta toshe bakinta da zani.

Suka koma Sakkwato. Likitan nan mai furfura ya sake duba ɓargon, ya ce ya dawo, kuma ya fi na farko ƙarfi. Ana iya komawa Zariya, amma jikinsa ba lallai ya ɗauki maganin ba. Mukhtari ya ce a mai da shi gida. Hajiya Umma ta yi ta roƙonsa, ya ce Umma ki yi haƙuri, ya gaji da kallon silin asibiti, yana son ya ga gero ya fito.

Ya ga fitowarsa. Bai ga bununinsa ba.

Ranar Juma'a ce, da hantsi, an kwana ana ruwa. Ya ce ta fitar da shi ƙofar ɗaki. Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna, ta ɗora kansa a cinyarta. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Hajiya Umma na gefe tana yi masa fifita, ko da yake babu zafi.

"Malama."

"Na'am, mijina."

"Kin yi da-na-sani?"

"Na yi. Na ranar da ka tura babur cikin ruwa na ƙi hawa. Da na hau, da mun riga mun iso tun tuni."

Ya yi murmushi. Ya ce ta yafe masa maganar da ya gaya mata a asibiti. Ta ce ta yafe tun a ranar. Ya ce in ta gama takaba kada ta zauna, ta yi aure, ta haihu, ta ci gaba da koyarwa. Ta ce ya bar wannan maganar. Ya ce a'a, sai ta amsa. Ta amsa.

Daga nan ya fara kalmar shahada, tana tayawa. A ta uku ita kaɗai ta ƙarasa.

Mahaifinta ne ya yi masa wanka tare da Alhaji Na'Allah, su biyu suka kama makara ta gaba. Da aka fita da shi Hindatu ta miƙe za ta bi su har ƙofa, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Hajiya Umma ce ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Ta rungume ta, ta zaunar da ita, ta kwantar da kanta a ƙirjinta.

Mata suka fara shigowa gaisuwa. Wata tsohuwa daga Amarawa, wadda ba ta san gidan sosai ba, ta tambaya wace ce matar mamacin.

"Ga ta nan," in ji Hajiya Umma, ba ta sake ta ba. "Ɗiyata ce. Ku yi mata sannu, ta hi ni rashi."